Labarun ƙasashen nesa: Daren Babbar Iska

Ƴan uwa manoma da makiyaya, a wannan wata za mu leƙa Irlanda. Tsibiri ne a Turai, yamma da Ingila. Mutanen karkararsu manoma ne da masu kiwo. Ɗakunansu na da, rufin ciyawa gare su.

Ran 5 ga Janairu 1839 ƙanƙara ta zuba. Washegari gari ya yi ɗumi, ya yi tsit, ko ganye ba ya motsi. Da dare sai iska ta taso daga teku, ta kwana tana bugu. Ta yaye rufin ɗakuna. Ta watsa garwashin murhu, gobara ta tashi. Dammunan hatsi da ciyawar da aka tara wa bisashe, duk ta kwashe su. Mutum wajen 300 suka rasu. Waɗanda suka tsira kuwa suka wayi gari ba cimaka, ba abincin dabbobi, ga tsananin ɗari.

Wasu sun zaci tashin duniya ne ya zo. Tsofaffi suka riƙa cewa aljanun ƙasar ne suka yi ƙaura a daren, iskar tashinsu ce ta yi ɓarna. An ce an tsinci kifi cikin gonaki nesa da ruwa. An ce in ka lasa ganyen itace, sai ka ji gishirin teku.

To, ga inda labarin ya yi rana. A 1909 gwamnatin Ingila, wadda ke mulkinsu a lokacin, ta fara ba talakawa masu shekara 70 kuɗin tsufa, sule 5 kowane mako. Amma sai a 1864 aka fara rubuta haifuwa a Irlanda, tsofaffin ba su da takarda. Sai aka riƙa tambayar mutum ko ya ga Daren Babbar Iska. Wanda ya gan shi, lalle shekarunsa sun kai.

A 1937 da 1938, ƴan lakwal na ƙauyuka suka bi kakanninsu suna rubuta irin waɗannan labaru. Littattafan suna ajiye a birnin Dublin har yau.

Mu ma da shekarar fari ko ta fara muke ƙidayar shekarunmu. Kai da ka koyi karatu, zauna wajen tsohon garinku, ka rubuta abin da ya gani tun yana da rai. Kuma in an yi maka haifuwa, je ka karɓo wa jinjiri takardarsa.

Sai wata mai zuwa.