Ra'ayinmu: Bayan an sako 'yan matan, sai me?

Najeriya ta haddace lissafin 'yan matanta da aka sace a makaranta: 276 a Chibok a 2014, 110 a Dapchi a 2018, 279 a Jangebe a 2021. Har yau wasu 'yan Chibok ba su dawo ba, haka ma Leah Sharibu. Amma da zarar an sako wasu, an ɗauki hoto da gwamna, sai hankalin hukuma ya koma wani wuri.

A nan wahala ta biyu ke farawa. Yarinyar da ta kuɓuta daga hannun Boko Haram ko 'yan bindiga kan dawo da ciki ko goyo, ga ciwon jiki, ga firgici, ga tsangwamar mutanen gari masu kiranta matar 'yan ta'adda. Rahoton da Amnesty International ta fitar a 2024 ya nuna cewa wasu sun fito daga daji sun faɗa tsare a hannun sojoji. Wadda ba a sace ba ma ba ta tsira ba: an rufe makarantarta, iyaye sun tsorata sun aurar da ita da wuri, a sansanin gudun hijira kuma yunwa kan jefa ta hannun masu lalata.

Ba takardu muka rasa ba. Akwai Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003. Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Kare Makarantu, har Abuja ta karɓi baƙuncin taronta na duniya a 2021. A 2022 gwamnati ta ƙaddamar da shirin naira biliyan 144.8 na tsaron makarantu daga 2023 zuwa 2026.

Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Kuɗi ta bayyana nawa aka saki daga wannan kuɗi, da makarantun da suka amfana. Ma'aikatun Ilimi, Lafiya da Harkokin Mata, tare da Hukumar Raya Arewa Maso Gabas, su ware kaso na musamman domin mayar da waɗannan yara aji, har da masu goyo, a duba lafiyarsu, a kwantar musu da hankali, a koya musu sana'a.

Ga daraktoci da mataimakan ministoci da waɗannan takardu ke bi ta teburinsu: shekarun 'yan matanci ba sa jiran sa hannu. Yarinya mai shekara 14 da fayil ɗinta ya yi shekara uku a ofis, sai dai a tarar da ita a ɗakin miji.