Tarakta Ba Ta Hawa Dutse

A watan Yulin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci kan samar da abinci, kuma a watan Yunin 2025 aka ƙaddamar da taraktoci 2,000 da aka shigo da su daga ƙasar Belarus. Yunƙurin abin yabo ne ga manoman filayen Jigawa da Kebbi da Neja. Sai dai akwai manomin da wannan shiri bai san da zamansa ba, wato mai noma a kan dutse.

Ba sai jami'in gwamnati ya yi nisa ba kafin ya gan shi. A Kuchigoro, gefen titin filin jirgin sama na Abuja, akwai sansanin 'yan gudun hijira da yawancinsu mutanen Gwoza ne, waɗanda Boko Haram ta raba da gidajensu a 2014. Kakanninsu sun daɗe suna jera duwatsu hawa-hawa a tsaunukan Mandara domin tare ƙasa da ruwan sama, suna noma dawa da gero da wake. Irin wannan hikima na cikin abin da ya sa UNESCO ta sanya Sukur ta jihar Adamawa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999.

Gonar da faɗinta bai wuce 'yan taku ba, babbar tarakta ba ta iya juyawa a cikinta. Abin da za ta amfana da shi shi ne ƙaramar na'urar huɗa da ake turawa da hannu, da injin sussuka, da famfo mai aiki da hasken rana, da iri mai saurin nuna irin wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ke fitarwa. Cibiyar NCAM da ke Ilorin kuwa don ƙera irin waɗannan ƙananan injina aka kafa ta.

Don haka wajibi ne Ma'aikatar Noma ta ware kaso na musamman a kasafinta domin yankunan tsaunuka, daga Gwoza zuwa Filato da Mambila, ta raba kayan ta hannun ƙungiyoyin manoma, tare da malaman gona da masu gyara. Ma'aikatan da ke rubuta takardun tsare-tsare su ne za su fara sanya wannan manomi cikin lissafi. Idan suka tsallake shi, ranar da mutanen Gwoza za su koma gida, fartanyar da suka bari ita kaɗai za su tarar.