FILIN FASAHA: Auna Saurin Rumbun Kwamfutarka Kafin Ka Zargi Mai Sayarwa

A wannan wata za mu tattauna ne a kan wata 'yar akwati da ta fara shiga gidaje da shagunan 'yan'uwanmu a nan Tamale, wadda masu sayarwa ke kira NAS, mu kuwa bari mu kira ta rumbun kwamfuta. Akwati ce mai ɗauke da faifan ajiya biyu ko huɗu, ana jona ta da rauta, sai duk kwamfuta da wayar da ke gidan su riƙa zuba kaya a ciki suna kuma ɗiba. Kamfanonin Synology da QNAP na ƙasar Taiwan suna cikin waɗanda suka yi suna wajen ƙera ta.

Masu ɗaukar bidiyon biki da suna, da masu naɗar tafsirin watan azumi, da makarantun da ke adana sakamakon jarrabawar yara, duk suna da bukatar irin wannan rumbu. Mun ga amfaninsa ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya yi rauni ƙwarai a Ghana. Wanda kayansa ke rumbun gida ya ci gaba da aikinsa, domin rumbu da kwamfuta a cikin gida suke magana, babu ruwansu da MTN ko Telecel.

To, kukan da aka fi yi shi ne rumbun yana tafiyar hawainiya. Wani ya tafi ya ɗaga wa mai shago murya cewa an sayar masa da jabu, wani ya kashe dubban sidi ya sayi sababbin faifai, amma abin bai canja ba. Hausawa sun ce zato zunubi ne. Kafin ka ɓata da ɗan'uwanka ko ka zubar da kuɗinka, ga yadda za ka auna.

Da farko sai mu yi ɗan lissafi irin na aji. Akwai megabit, akwai megabait, kuma megabit 8 ne ke ba da megabait 1. Masu ƙera rauta da megabit suke rubuta sauri a jikin kwali, ita kuwa kwamfuta da megabait take nuna maka sa'ad da kake kwafar fayil. Saboda haka layin da aka ce yana da megabit 1,000, wato gigabit, in ka raba da 8 za ka sami megabait 125 a sakan. Daga ciki kuma akwai ɗan abin da ke tafiya wajen adireshi da tantance saƙo, sai ya rage tsakanin 110 zuwa 118. Wanda ya ga 112 a allonsa ya ce an cuce shi don kwali ya ce 1,000, to lissafi ne ya kuɓuce masa. Rumbunsa lafiya lau yake, ya ma kai maƙura.

Ga yadda ake gwajin. Ka jona kwamfutarka da rauta ta kebul, ka kashe Wi-Fi ɗinta. Ka tabbata babu wani a gidan da ke kallon fim daga rumbun. Ka nemi babban fayil guda ɗaya, alal misali bidiyon biki mai gigabait 10, ka kwafe shi zuwa rumbu kana duban agogo, sa'an nan ka sake kwafo shi daga rumbu zuwa kwamfuta. A layin gigabit ya kamata ya ƙare cikin kamar minti ɗaya da rabi.

Idan ya ɗauki kusan minti 15, kuma allon yana nuna megabait 11 ko 12 ba ya gaba ba ya baya, ka gano ɓarawon. Wani wuri a hanyar ya koma tsohon layi mai megabit 100, wanda aka fito da shi tun 1995, kafin na gigabit a kan wayar tagulla ya zo a 1999. Dalilin yakan zama ɗaya cikin biyu. Ko dai rautar ce mai araha wadda ramukanta ba su wuce megabit 100 ba, ko kuwa kebul ne. A cikin kebul akwai siraran wayoyi 8. Gigabit yana bukatar duka 8, shi kuwa tsohon layin 4 sun ishe shi. Saboda haka in ɓera ya ɗan gwaguyi kebul, ko ƙofa ta matse shi, ko wanda ya ɗaura kansa bai matse da kyau ba, na'urorin ba za su tsaya ba, sai su sauka zuwa 100 shiru ba tare da sun gaya maka ba. Ka canja kebul, ka nemi mai rubutun Cat5e ko Cat6, kada kuma tsawonsa ya wuce mita 100. Sau da yawa maganin ke nan, kuma kuɗinsa bai kai na katin waya na wata ba.

Idan kebul ya ba da 110 amma Wi-Fi ya ba da 5 ko 8, rumbu ba shi da laifi. Wi-Fi mai zangon 2.4 yana kai nesa amma ba shi da sauri, ga na maƙwabta suna cunkushe masa hanya. Mai zangon 5 ya fi shi sauri nesa ba kusa ba, sai dai bangon bulo yana rage masa ƙarfi. Mai aikin bidiyo ya haƙura ya ja kebul zuwa teburinsa.

Bugu da ƙari, kada ka yi gwaji da tarin ƙananan hotuna ko takardu. Kowane fayil sai an buɗe masa wuri, an rubuta sunansa, an rufe. Kamar loda masara ne a Kasuwar Aboabo: mai ɗaukar buhu-buhu zai riga mai aunawa kwano-kwano gamawa, ko da yawan masarar ɗaya ne. Ganin sauri ya faɗi a kan ƙananan fayiloli ba alamar ciwo ba ce.

Akwai inda ya kamata hankalinka ya tashi. Idan da rumbun yana ba da 110, yanzu kuma a kan kebul ɗin nan da fayil ɗin nan yana hawa yana sauka, ko yana tsayawa cak na ɗan lokaci, ko kana jin ƙas-ƙas daga ciki, to ka buɗe shafin kula da rumbun ka duba lafiyar faifai, abin da ake kira SMART. Wani lokaci rumbun yana gyaran kansa ne bayan an ɗauke wuta ba zato, wannan yakan ɗauki sa'o'i da yawa ya wuce. Amma in shafin ya nuna gargaɗi, faifan yana kan hanyar mutuwa ne. A ranar nan ka kwashe muhimman kayanka zuwa wani faifai na daban. Bidiyon auren mutane ba a sake ɗaukarsa.

Mu da ke arewa muna da ƙarin abokan gaba biyu, wato ƙurar hunturu da zafin watan Maris da kan kai digiri 40. Ka ɗora rumbun a kan tebur inda iska ke shiga, ka riƙa share ƙurar fankarsa, in kuwa zafin faifai ya haura digiri 50 ka canja masa wuri. Ka kuma haɗa shi da batirin UPS, domin waɗanda suka ga dumsor na 2015 ba sai an yi musu dogon bayani ba.

Shawarata ta ƙarshe, ranar da aka kafa maka rumbu ka yi wannan gwaji a gaban mai kafawar, ka rubuta sakamakon da kwanan wata a takarda ka manna a jikin akwatin. Duk bayan wata uku ka sake aunawa ka kwatanta. Rigakafi ya fi magani.

Sai mun sadu a wata mai zuwa in Allah Ya kai mu. Haza wasalam.

Daga Malamin Makaranta, Gbalahi, Tamale.