GIRBIN ZINARIYA SAU ƊAYA A KE YINSA

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka sake ba ni filin nan da ka saba ba ni, in yi magana da 'yan'uwana akawuna da malaman makaranta da malaman zaure, musamman na ƙasar Kano ta arewa. Maganar wannan mako a kan haƙar zinariya ce, wadda a ke yi a waɗansu ƙauyuka na Shanono da Bagwai, inda samari ke ajiye fartanya su ɗauki diga da shebur. Ba na ƙin kowa ya nemi halalinsa. Abin da na ke so mu auna tare shi ne, wa ke cin ribar ramin nan, wa kuma ke biyan hasararsa?

Kowa ya san irin zaman da mu ke yi a wannan yanki. Gari na kallon gari, gona na manne da gona, ba daji ba saura. Gonar da kaka ya noma ita jika ke nomawa, ko wace shekara, ba hutu, duk da haka tana ba da gero da dawa da wake da gyaɗa. Asirin abin kuwa taki ne. Shekara da shekaru a ke kai kashin awaki da toka da sharar gida a kan jakuna, a kuma bar gawo da ɗorawa su tsaya a tsakiyar gona. Watau ƙasar saman nan mai albarka, wadda zurfinta bai kai kamu ɗaya ba, gumin iyayenmu ce. Abin da ke ƙarƙashinta tsakuwa ce da jar ƙasa, waɗanda ba su san shuka ba.

To, ga yadda a ke aikin zinariya, domin wanda bai taɓa gani ba. Zinariyar tana cikin wani farin dutse mai tauri da ya ratsa ƙasa kamar jijiya. Mahaƙa su kan bi jijiyar nan da rami, su farfasa dutsen da guduma, a kai shi injin niƙa ya zama gari. Sa'an nan a wanke garin da ruwa a kan wani katako mai gangara da aka shimfiɗa wa bargo, ƙasa ta wuce, mai nauyi ya maƙale. Daga nan sai a zuba zaiba, ita kuwa ta tattara ƙurar zinariya ta dunƙule, a matse a ƙyalle, a ƙone da wuta, zaiba ta tashi hayaƙi, zinariya ta rage. Sau da yawa buhunan dutse masu yawa a kan niƙa kafin a sami abin da zai motsa sikeli. Saura duka, watau kusan dukan abin da aka haƙo, a bisa gona ya ke zama, ya binne ƙasar kirki da tsakuwa.

Sai mu duba lissafin kuɗi. Farashin zinariya ba a Kano a ke yanka shi ba, a manyan kasuwannin duniya ne. A 2008 oza ɗaya, watau giram 31 da 'yan kai, ta haura dala 1,000, a 2011 kuma ta kai wajen dala 1,900. Wannan tashin shi ya cika ramuka da mutane a ƙasashe da yawa. Amma kafin kuɗin nan ya iso hannun mahaƙi, mai inji ya ci nasa, wanda ya ba da bashin abinci da kayan aiki ya cire nasa, dillali mai sikeli ya ɗebi nasa. Mai shiga rami shi ke da haɗarin ruftawa, shi ke da ƙaramin rabo. Mai gona kuwa a kan ba shi wani abu sau ɗaya, ya yi murna. Ran da jijiya ta ƙare, baƙi su naɗe tabarmarsu su nufi inda aka ji sabon labari, shi kuwa a bar shi da ramin da zai karya ƙafar sa ko ya haɗiye yaro. Gona ko wace kaka tana biya, zinariya kuwa girbinta sau ɗaya ne.

Wanda ke shakka ya dubi Jos. Tun farkon mulkin Turawa kamfanonin Ingila suka kafa haƙar kuza a Jos da Bukuru da Barikin Ladi, mutanen ƙasar Kano kuwa suna zuwa cin rani can domin su sami kuɗin haraji. A 1942, da Japan ta kama Malaya, inda Ingila ke samun kuza mai yawa, sai Gwamnati ta shiga ɗiban manoma na tilas daga lardunan Arewa, ba a daina ba sai 1944. Da yawa cikinsu sanyi da ƙarancin abinci da cuta suka kashe su. A 1985 kasuwar kuza ta duniya ta faɗi warwas. Kamfanoni sun tafi, ribar ta daɗe da ƙetare teku, abin da ya rage wa manoman wurin shi ne ɗaruruwan kududdufai masu zurfi da tuddan ƙasa marar amfani.

Akwai kuma abin da ya fi rami muni, shi ne guba. A 2010 aka ga yara ƙanana na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, kamar Dareta da Abare da Yargalma. Yaro ya yi amai, ya sheme, ya yi ta jijjiga, sai rai ya yi halinsa. Likitocin ƙungiyar MSF da masu bincike suka gano dalili: dutsen zinariyar wurin cike ya ke da dalma, ga shi kuma a cikin gari a ke niƙa shi, har mata na daka shi a tsakar gida. Ƙurar ta sauka inda yara ke rarrafe, su kuwa hannu ba ya rabuwa da baki. Yara wajen 400 suka rasu, dubbai suka kamu, waɗanda suka rayu kuwa waɗansu dalma ta taɓa musu ƙwaƙwalwa har abada. Kafin a fara magani sai da aka kankare ƙasar gidaje ɗaya bayan ɗaya, aka kai ta nesa aka binne, aka zubo sabuwa, domin ba amfanin warkar da yaro a mayar da shi cikin guba. Garin Bagega bai sami wannan gyara ba sai 2013. A 2015 irin wannan ta sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu. Ba ko wane dutsen zinariya ke da dalma ba, amma gwaji ne kaɗai zai raba gardama.

Zaiba ma ba kanwar lasa ba ce. Hayaƙinta na shiga huhu ya taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda, ya kawo rawar jiki. Wadda ta zube kuma, damina ta kwashe ta zuwa rafi, ta shiga jikin kifi. Haka aka yi a garin Minamata na Japan, inda aka gane cutar a 1956, shi ya sa yarjejeniyar duniya ta 2013 a kan zaiba ta ɗauki sunan garin, Nijeriya kuwa na cikinta. Mutanen Bagwai, da ke da madatsar Watari da noman rani da kamun kifi, su ya fi kamata su tuna duk abin da aka zubar a tudu, kwari zai gangara.

Me doka ta ce? Dokar ma'adinai ta 2007 ta ce duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne, ba a haƙa sai da lasisi. Amma ta ce a nemi yardar mai gona, a biya shi diyya, a kuma gyara wurin bayan an gama. Ta buɗe wa ƙananan mahaƙa hanya su haɗa ƙungiyar gama kai su nemi izini. Kaico, dokar na cikin Turanci a ofis, manomi bai taɓa jin ta ba. Nan ne aikinmu ya ke, mu da Allah ya ba karatu.

Saboda haka ga shawarata. Kada mai gona ya bari a kafa diga sai an rubuta sharaɗi a gaban dagaci da shaidu, a faɗi wanda zai cike ramin, a kuma ajiye wani kuɗi a hannun amintacce tun kafin a fara. A ware ƙasar sama gefe guda, domin a mayar da ita bisa in an cike. Hakimai su nemi hukuma ta gwada dutsen da ruwan rijiyoyi. A fitar da injin niƙa bayan gari, nesa da rijiya da rafi, a riƙa jiƙa dutse domin rage ƙura. Dutse kada ya shiga gida, turmin hatsi kada ya daka shi, yara kada su je wurin. Mahaƙi ya yi wanka ya sake tufafi kafin ya ɗauki ɗansa. Ko ɗaya cikin waɗannan ba ya bukatar kuɗi mai yawa, sai dai a yi shi tun ran gini, tun ran zane.

Malamai, ku faɗa wa almajiranku. Akawuna, ku karanta wa iyayenmu a zaure. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana 'ya'yanmu, amin.

Ni ne naku,
Akawu, daga Arewacin Kano.