Kafin a Kafa Tarhon Ofis, a Fara Duba Wuta

Sau da yawa ɗan kasuwa kan kashe maƙudan kuɗi wajen sayen akwatin rarraba kiran tarho domin kamfaninsa ko otal ɗinsa, amma idan aka zo batun wutar da za ta riƙe akwatin sai ya nemi araha. Hausawa kuwa sun ce araha ba ta ado. Da yawa daga cikin na'urorin da ke ƙonewa a ofisoshin ƙasar nan ba tsufa ke kashe su ba, sakaci wajen haɗa wuta ne.

Wutar da ake rabawa a Nijeriya ta kamata ta tsaya a kan bolt 230, amma kowa ya san yadda take hawa da sauka, musamman lokacin da ake juyawa daga layin gari zuwa janareta. Saboda haka wajibi ne a ja wa akwatin tarho layinsa shi kaɗai daga allon rarraba wuta, kada ya yi tarayya da na'urar sanyaya ɗaki ko injin ruwa, waɗanda ke fizgar wuta duk lokacin da suka tashi. Haka nan ana bukatar sitabilaiza da batir. Manyan cibiyoyin tarho sun daɗe suna aiki da batir mai bolt 48, abin da ya sa tarhon gida kan yi aiki ko da an ɗauke wuta. Tarhon ofis na zamani, mai bin intanet, ba shi da wannan gata: da zarar na'urar da ke ba shi wuta ta mutu, dukkan layuka sun yi shiru.

Abu na biyu, wanda aka fi rainawa, shi ne wayar da ake haɗawa da sandar tagulla a binne a ƙasa. Ita ce hanyar da wutar da ta yi yawa ke bi ta nutse, ko ta tsawa ce da damina ko ta wata matsala a cikin gini. Idan babu ita, na'urar kariya ba ta da inda za ta zubar da wutar, sai ta bi ta cikin akwatin. Injiniyoyin sadarwa galibi suna neman kada turjiyar wannan haɗi ta wuce om 5. Abin lura a nan shi ne, ƙasa busasshiya ba ta karɓar wuta sosai, don haka awon da aka yi a watan Agusta na iya yaudarar mai shi a watan Maris. Ya kamata a sake awo da rani.

Tun shekarar 2015 doka ta ɗora wa hukumar NEMSA alhakin duba aikin haɗa wuta da tantance masu yin sa. Mai hikima shi ne wanda zai nemi ma'aikaci mai takardar shaida, ya kuma sa a cikin yarjejeniya cewa ba za a biya ragowar kuɗi ba sai an auna haɗin a gabansa, an rubuta sakamakon. Kuɗin sandar tagulla da batir bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da cinikin da ke kuɓucewa a ranar da abokin ciniki ya buga waya bai samu kowa ba.