Shaidar Da Ba Ta Rantsuwa

A ƙasar Amurka, a da, idan ɗan sanda ya harbe mutum, 'yan jarida ofishin 'yan sanda sukan nufa su ɗauko labari, su buga yadda aka ba su. Mamaci ba ya magana, saboda haka riwaya ɗaya ke yawo, watau ta wanda ya yi harbin. Malamai sun san raunin shaidar da mutum ya yi wa kansa, fatake kuwa sun san ba a bar wa mai kaya awo shi kaɗai.

Wayar hannu ce ta kawo riwaya ta biyu. Ran 4 ga Afrilu, 2015, a garin North Charleston, ɗan sanda Michael Slager ya harbe wani baƙar fata, Walter Scott. Aka sanar cewa mamacin ya ƙwace masa bindigar lantarki, jaridu suka buga haka. Ashe wani mai wucewa ya ɗauki hoton abin da wayarsa. Bayan kwana uku hoton ya fito, sai ga Scott ya ba da baya yana gudu, ana harbinsa har sau takwas. A ranar aka tuhumi Slager da kisan kai.

Amma fa hoto shaida ne, ba alƙali ba. A 2016 masu taya alƙali hukunci sun kalli hoton nan, suka kasa haɗa baki. Sai a 2017, da Slager ya amsa laifi gaban kotun tarayya, aka ɗaure shi shekara 20.

Kuma a lura da hannun da hoton yake. A birnin Shikago, a 2014, na'urar motar 'yan sanda ta ɗauki yadda aka harbi Laquan McDonald, ɗan shekara 17, har sau goma sha shida. Hukuma ta riƙe hoton wata 13, sai da alƙali ya tilasta ta fitar. Na hannun talaka kwana uku, na hannun hukuma fiye da shekara.

To, wajibin mai jarida da mai karatu ɗaya ne: su bi isnadin hoto kamar yadda ake bin na magana. Wa ya ɗauka, daga ina ya fara, me aka yanke? Wanda ya bar tambayoyin nan, an ruɗe shi da ido yadda a da ake ruɗinsa da kunne.

Wasalam.