Tsutsa Ba Ta San Boda Ba

Jama'a, jiya na leƙa gonata a Tsamiya, na tarar tsutsa ta cinye zuciyar masara, ganye duk huji. Albashi ba ya kai ni ƙarshen wata, gonar nan ce rufin asirina.

Tun 2016 tsutsar nan ta shigo Najeriya da Benin daga nahiyar Amurka. Uwarta kan yi kilomita 100 a dare ɗaya. A 2019 an rufe boda saboda shinkafa, ita wa ya tare ta? Mu yi feshi a Bagudo, ta dawo daga Segbana.

Ina malaman gona? Manomi na ta feshi da rana tsaka, alhali sai yamma take fitowa. Hukumomi ku zauna da maƙwabta, wallahi mun gaji!